Bokolo, Bunaji ko Rahaji: wanne zaka saya, kuma da igiya zaka riƙa kama shi ko da lungu?

Yawancin masu shiga kara sayen sa abu uku suke dubawa, haƙori da tozo da cinya, daga nan sai ciniki. Dillali ma abinda zai nuna maka kenan, ya buɗe bakin kaga shekaru, ya daki gindin san yace Alhaji kalli nama. Da wuya kaji wani ya tsaya yana tambayar halin dabbar, alhali halin nan shine abinda zaka zauna dashi safe da yamma har ranar da zaka sayar, shine zai nuna ko zai ci abinci ya kwanta yayi tuƙa ko zai wuni yana jan turke, shine zai nuna ko yaronka ɗan shekara goma sha biyu zai iya kai masa ruwa ko sai an nemo ƙarti duk ranar da za'a yi masa allura.

Maganar tawa da wanda ba a ruga ya tashi ba nake, ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko manomi da yake son ajiye shanu biyu zuwa goma ko ashirin, na turka ko na huɗa ko ƴan shanun tatsa a bayan gari. Zaɓi biyu ne a gabanka kuma a ɗaure suke da juna, irin san da zaka saya da kuma yadda zaka riƙa kama shi, da igiya ko da lungu, wato matsattsiyar hanya ta turaku da ake shigar da sa a ciki. Idan ka sayi wanda hannunka bazai iya ba, duk dusar da ka zuba masa rabinta tsoro ne zai cinye.

Bari in fara da Bokolo, wato Gudalin Sakkwato, don shi nafi ba sabon shiga shawara ya saya. Fari ne mai ɗan ruwan toka, jiki a murje, fatar wuya da ta cibiya sun sauko suna lilo, ƙaho gajere wani ma kamar babu. Asalinsa ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara har cikin Nijar ta wajen Birnin Ƙonni. An san shi da sanyin hali, yana karɓar turke da wuri, ka kawo shi yau cikin ƴan kwanaki kaga ya fara sa baki a kwano kana tsaye kusa dashi. Gajeren ƙahon nan kuma kada ka raina shi, don shine yake sa idan ka haɗa biyu a karkiya basa sukar juna, idan an yi lodinsu a mota basa yage fatar na kusa, idan ya juyo da kai kwatsam kana zuba masa harawa abinda zaka samu ƙujewa ce ba huda ba. Inda yake da rauni, mai ci ne, baya son a bar shi da kara da tattaka kawai, kuma ba san doguwar tafiya bane. Wani sanyin nasa ma yakan yi yawa a garma har ya zama sai ana ta masa magana kafin ya ɗaga ƙafa. Sannan da yake masu turka sun san shi, gab da babbar sallah rububinsa ake, zaka biya kuɗin sanyin halin nan tun a kara.

Bunaji, wanda wasu ke kira Yakanaji, shine farin nan mai baƙin kunne da baƙin hanci da baƙin bakin wutsiya, ƙahonsa ya miƙe sama ya lanƙwasa. Shi yafi kowanne yawa a Najeriya. Ƙidayar dabbobi da aka yi a 1990 ta sami shanu kusan miliyan 13.9 a ƙasar, kuma kusan kashi 37 cikin ɗari Bunaji ne, Rahaji kusan kashi 22, Bokolo kusan kashi 12. Don haka duk kasuwar da ka shiga, Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ko Potiskum ranar Laraba, shi zaka fi gani kuma a cikinsa zaka fi samun damar zaɓe. Halinsa tsaka-tsaki ne. A farke yake, idonsa na kan komai, yana da kuzari, idan ya samu hannu mai kyau tun yana ɗan shekara biyu zuwa uku to a garma da amalanke yafi Bokolo sauri, idan kuma ya samu hannun mai duka to ya riƙe abin kenan, kuma yana da ƙahon da zai rama dashi. Yafi sauran jure wuraren da damina ke da ƙarfi, shi yasa idan gonarka tana wajen Kaduna ko Filato ko Neja ko Nasarawa zance na ya ɗan karkata zuwa gare shi ko da kuwa kai sabon shiga ne, sai dai ka zaɓi mai sanyi a cikinsu kuma ka tanadi wurin kamu kafin ya iso.

Rahaji kuma, jan nan dogo mai dogayen ƙafafu da ƙahon da kan kai mita guda har ya wuce, wanda a Nijar ake ce wa Bororo, mutanen gari da yawa suna cewa mugu ne. Ni ban yarda da wannan ba kuma abin yana min ciwo idan naji ana faɗa. Dabba ce da makiyaya suka ɗauki ƙarnoni suna zaɓenta don ta bi mai ita ta guji baƙo, ta yi tafiyar kwanaki tsakanin rijiya da makiyaya, ta ji kiran mutum ɗaya ta taso daga nesa. A hannun mai ita zaka ga ƙaramin yaro ya shiga tsakiyarsu yana shafa wuyansu. To kai da ka sayo shi a kara kai ne baƙon da aka koya masa ya guda, ka kawo shi ka ɗaure a turke a cikin gida, ga janareta ga babur ga yara suna ihu ga kwanon rufi yana ƙara, shi da bai taɓa kwana cikin katanga ba. Zai yi makonni yana huci yana zagaya turke yana cin abinci rabi da rabi, kuma waɗannan makonnin daga cikin kwanakin turkarka suke fita. Ga garma ma ba shine zaɓi ba. Idan kana da fili mai faɗi a wuri mai ƙarancin ruwa kuma kana da makiyayin da ya san su wanda zai zauna dasu shekaru, Rahaji dukiya ce. Idan turke biyu ne a bayan ɗaki, bar wa masu shi.

Azawak na mutanen Nijar, wanda aka daɗe ana inganta irinsa a tashar Tukunus ta wajen Filinge, saniyar nono ce mai kyau kuma bata da wahalar sha'ani, mai neman tatsa a yankin da yake bushe ya duba ta. Su kuma ƴan haɗin Friesian, wato shanun madara na Turai, da Bunaji irin waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kai, matan suna da sauƙin tatsa sosai amma zafi da kaska suna wahalar dasu, bijimin irin shanun madara na Turai kuma duk duniya an san shi da haɗari, kada sanyin uwarsa ya ruɗe ka.

Duk wannan fa maganar iri ce, kuma iri rabin zance ne. A cikin Bokolo akwai wanda bazaka iya tsayawa kusa dashi ba, a cikin Bunaji akwai wanda yaro zai hau bayansa. Don haka a kara kada ka yi gaggawa. Tsaya daga nesa tukuna ka kalle shi kafin dillali ya fara taɓa shi. Sannan ka matso a hankali ta gefen kafaɗarsa, ba ta gaba ba ba ta baya ba, ka lura a wace tazara ya ɗaga kai, a wace tazara ya ja baya. Wanda ya kalle ka ya cigaba da tuƙa har ka kusa taɓa shi daban, wanda tun kana taku biyar ya miƙe wuya, farin idonsa ya fito, fatarsa tana rawa, wutsiya tana kaɗawa ba ƙuda, yana sakin kashi mai ruwa akai-akai, shi ma daban. Wannan na biyun tsoro ne, kuma tsoro yana raguwa da kyakkyawan hannu ko da yake yana cin lokaci. Wanda zaka gudu shine wanda baya ja da baya, sai ya juyo maka da gefen jikinsa gaba ɗaya ya ƙanƙame wuya ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa, wannan ba tsoronka yake ji ba, nuna maka girmansa yake kafin ya zo. Ko a rabin kuɗi aka baka kada ka kai shi gidan da akwai yara.

Ka duba wutsiya ko akwai inda ta karye ta warke a karkace, ka duba hanci ko igiya ta taɓa yaga shi, ka duba tabon bulala a gadon baya, waɗannan suna gaya maka irin hannun da ya fito. Kuma wanda ya yi laƙwas da yawa shi ma abin dubawa ne, don san da ya kwana a mota ko aka koro shi daga nesa ba ruwa zai tsaya shiru ko wane iri ne, mara lafiya ma haka. Duba hancinsa da danshi, kunnuwansa suna motsi, yana tuƙa. Idan da hali ka zaga ka dawo bayan awa ɗaya an bashi ruwa ka sake gwada shi.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan me, ai nama nake nema. To naman ne. A 1997 masu bincike a jami'ar jihar Colorado ta Amurka, cikinsu har da Temple Grandin wadda ta yi suna a wannan fannin, sun riƙa ba shanun turka maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda suke yi idan an matse su a wurin kamu, 1 wanda ya tsaya shiru, 5 wanda yake hauka yana neman tsallakewa. A cikin fiɗiyayyun shanu irin na Turai, masu sanyin sun fi masu zafin ƙara nauyi da kusan kilo 0.19 a kowace rana. Ka lissafa a turkar kwana 100, kilo 19 kenan a kan sa ɗaya, abinci iri ɗaya. Shanunsu ba irin namu bane amma dalilin ɗaya ne, dabbar da take a tsorace bata cin abinci sosai bata kwanciya ta yi tuƙa, abinda ta ci ma a tsaye-tsaye da huci yake ƙonewa. A nono abin yafi fitowa fili. Nono baya sauka sai ƙwaƙwalwar saniya ta saki wani sinadari da ake kira oksitosin, aikinsa na ƴan mintoci ne, kuma tsoro yana tare shi. Shi yasa matan Fulani suke kwance maraƙi daga dangwali, wato igiyar da ake ɗaure maruƙa, ya fara tsotsa kafin su sa ƙwarya, shanunmu masu tozo yawancinsu sai sun ga ɗansu suke saki. Ka daki saniya ko kare ya yi mata haushi ana cikin tatsa, nonon yana nan a hantsa amma bazai fito ba. Mahauta kuma sun san naman san da aka wahalar kafin yanka, baƙi-baƙi ne a bushe kuma baya jimawa yake lalacewa, ban da inda sanda ta sauka jini ya kwanta wanda sai an yanke an zubar.

Yanzu hanyar kamu. Wadda kowa ya sani ita ce igiya da kayarwa. Likitan dabbobi ya zo, a kira samari huɗu ko biyar, ɗaya ya zarga igiya a ƙaho, ɗaya ya kama wutsiya yana murɗawa, ɗaya yana neman ƙafar baya da wata igiyar, san yana zagaye ƙura ta tashi kowa yana ihu a kama a ja, har a fizge ƙafar ya faɗi da gefensa tim, wani ya ɗora gwiwa a wuyansa ya murɗe kan har ƙaho ya caki ƙasa, idon san ya juye yana nishi. Duk don allurar da bata kai minti ɗaya ba. Amfaninta bazan ɓoye ba, bata buƙatar gini, ko a daji ana yi, kuma akwai aikin da dole sai an kwantar, kamar gyaran kofato ko ɗinke rauni a ciki. Amma kuɗinta a ɓoye yake. Ana karya ƙaho, ana karya wutsiya, ana gurɗe ƙafa, saniya mai ciki tana iya ɓari, dabbar da ta daɗe kwance da gefe cikinta yana kumbura don iskar tumbi bata samun fita kuma abinda ta ci yana iya dawowa ya shiga huhu. Mutane ma suna samun rauni. Shanu kuma basa mantuwa, wanda aka kayar yau gobe da ya hango igiya ko ya ji warin maganin ya san zance, kamu na biyu yafi na farko wuya, na uku yafi na biyu.

Babbar asarar ma a ganina ba a ranar kamun take ba. Tunda kamun ya zama yaƙi, mai shanu sai ya fara ɗaga magani. Allurar da likita yace a maimaita bayan kwana biyu sai a ce ai ya ji sauƙi a bar shi, kaska ta cika hantsa da ƙarƙashin wutsiya a ce sai samari sun samu lokaci, ƙaramin ciwo a ƙafa a bar shi har ya yi tsutsa, masu riga-kafin ciwon huhu su zo gari a ce yau babu masu kamawa. Dabbobi da yawa da ake cewa cuta ta kashe, wahalar kamu ce ta hana a yi musu magani a kan lokaci.

Ɗaya hanyar ita ce lungu, wato matsattsiyar hanya tsakanin layi biyu na turaku wadda sa zai shiga shi kaɗai a tsaye, bazai iya juyawa ba, a zura sanda mai kauri a bayansa wata a gabansa, ka yi allurarka ka fesa maganin kaska ka ɗura na tsutsa, ka zare sandar gaba ya fita da ƙafarsa. Mutum biyu sun isa, wani lokacin ma ɗaya. Faɗinsa wajen santimita 70 ga manya, idan ya fi haka sai ya samu wurin juyawa kuma nan ne ake samun matsala, tsayinsa wajen mita ɗaya da rabi, tsawonsa kuma ya ɗauki shanu biyu ko uku a jere don basa son shiga su kaɗai, na baya yana bin na gaba. Da itacen darbejiya ko turare ana yi, a shafa baƙin mai a gindin saboda gara a binne da zurfi, mai hali kuma ya sa mai walda ya yi masa da bututun ƙarfe. Kada a bar kan ƙusa ko bakin ƙarfe ta ciki. Ƙasan kada a yi masa siminti mai santsi, sa idan ƙafarsa ta zame sau ɗaya hankalinsa ya tashi kenan, ko a bar ƙasa a daddaɓe ko a yi simintin a tsattsaga shi. Kuma anan ne zaɓin iri yake dawowa, Bokolo zai shige lungun nan ba tare da ƙahonsa ya taɓa komai ba, Bunaji sai ya ɗan karkata kai, Rahaji kuwa sai ka buɗe saman lungun ya fi ƙasan faɗi kuma kada ka gitta komai a sama.

Amma lungu kaɗai baya aiki idan mai korar bai san yadda saniya take gani ba, sai kaga an gina shi da kuɗi ana dukan shanu a bakinsa. Idanunta a gefe suke, tana ganin kusan duk kewayenta sama da digiri 300, sai dai daidai bayanta ne bata gani, shi yasa wanda ya zo mata ta nan shiru yake shan shuri. Bata iya auna zurfi da kyau, don haka inuwar da ta gitta hanya ko ɗan ruwa mai ƙyalli ko leda da iska ke kaɗawa ko rigar da wani ya rataya a turke duk suna iya tsayar da ita, ta sunkuyar da kai tana dubawa, kai kuma kana ganin taurin kai ne. Bata son shiga duhu daga haske, bata son rana tana dukan idonta, don haka kada bakin fitar ya kalli gabas idan da safe kake aiki. Kunnenta yafi namu jin ƙara mai kaifi, ihu da fito mai ƙarfi da buga ƙarfe suna tayar mata da hankali. Idan ta tsaya, ka bata ɗan lokaci ta duba, ko ka shiga lungun da kanka ka sunkuya daidai tsayin kanta kaga abinda take gani.

Sai maganar inda zaka tsaya, wadda ita ce ta maye gurbin sanda. Kowace saniya tana da tazarar da idan ka shigo cikinta zata matsa, idan ka fita zata tsaya. Kafaɗarta kuma ita ce ma'auni, ka tsaya bayan kafaɗa ta yi gaba, ka tsaya gaban kafaɗa ta ja baya. Kuskuren da aka fi yi shine mutum ya tsaya wajen kanta yana dukan gindinta, jikinsa yana ce mata koma sandarsa tana ce mata tafi. Idan suna jere a lungu sun ƙi gaba, ka taka daga wajen kan na gaba zuwa baya kana wuce kafaɗar kowanne, zaka ga suna matsawa ɗaya bayan ɗaya ba ka taɓa kowa ba. Da zarar ta yi abinda kake so ka ja baya ka sassauta mata, da haka take gane cewa tafiyar ce mafita. Ka riƙa kawo su kaɗan-kaɗan, kada ka ware ɗaya ita kaɗai, idan kuma abu ya riga ya ɓaci sun firgita to a dakata, sai an yi minti 20 zuwa 30 kafin bugun zuciyarsu ya koma daidai, duk abinda aka yi kafin nan ƙara ɓata shi ake.

Kafin ranar allura ta farko ka bi dasu ta cikin lungun sau da yawa ba a yi musu komai ba, ƙofa a buɗe, dusa da ɗan gishiri ko kanwa a bakin fita, kuma fitar ta kalli inda suke kwana. Shigar farko ita suke riƙewa.

Mai garke babba wanda ya kai hamsin ko ɗari zai ji ana maganar tsari biyu daga Amurka. Na Grandin lungu ne mai lanƙwasa da bango a rufe, shanu suna bi suna ganin kamar komawa suke inda suka fito, manyan mayankun can da yawa da zanenta suke aiki, amma yana cin ƙarfe da kuɗi kuma idan mai walda ya kuskure lanƙwasar sai ta zama kamar bango a gabansu su ƙi shiga. Na Bud Williams, wani gwanin sarrafa shanu na can, ɗan shinge ne mai kusurwa huɗu wajen mita 4 a 6, a shigo da shanu kaɗan su je ƙarshe su juyo don neman inda suka shigo, bakin lungun kuma yana nan dab da ƙofar da aka rufe sai su faɗa ciki. Wannan yafi arha nesa ba kusa ba kuma da itace ma ana yi, sai dai mutum yana shiga ciki tare dasu don haka yana buƙatar wanda ya iya tsayuwa, kuma da shanu masu dogon ƙaho da zafi ban so sabon yaro ya shiga. Ga gonakinmu ni na biyun nake zaɓa.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan ilimin daga waje ya fara. A ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike biyu daga California, Dale Lott da Benjamin Hart, sun rubuta a kan yadda Fulanin arewacin Najeriya ke sarrafa shanu, yadda makiyayi yake shiga gaba garke ya bi shi, yadda yake shafa su a wuraren da uwa ke lasar ɗanta tun suna maruƙa, da kuma yadda baya barin bijimi ya yi masa barazana ya ƙyale. Sandar makiyayi yawanci nuni take yi, ba kullum take sauka ba. Wannan hanyar tafi lungu, sai dai kuɗinta shine ka rayu dasu tun suna dangwali. Kai da kake zuwa gona ranar Asabar kuma yaron kiwonka yana canzawa duk bayan ƴan watanni bazaka same ta ba, lungu shine abinda zai cike maka wannan giɓin.

Ga masu shanun huɗa akwai maganar igiyar hanci da ragama. Igiyar hanci tana bada iko sosai kuma ga babban sa a garma ko amalanke a kan titi ban ce a cire ta ba, amma ta juya kai ce ba ta fizga ba, kuma kada a taɓa ɗaure sa a turke da ita, ya firgita da dare ya yage hancin shikenan ka rasa linzaminka har abada. A turke ragama ko igiyar wuya. Fiɗiya tana rage faɗa sosai, sabon sa kuma a haɗa shi da tsohon da ya iya aiki ya koya daga gare shi, a yi aikin da sanyin safiya a sauke karkiya kafin rana ta take.

Akwai wani abu da mutane basa zato. Maraƙin da aka raina shi kaɗai a cikin gida, yara suna wasa da kansa suna tura goshinsa yana turo su ana dariya, shine idan ya zama bijimi yafi na garke haɗari, don ya tashi yana ɗaukar mutum abokin karawarsa. A shafa shi a wuya da kafaɗa da ƙarƙashin haɓa, a bar goshi, kuma idan ba na barbara bane a fiɗiye shi da wuri.

Yaron da zaka ɗauka kuma ka zaɓe shi kamar yadda ka zaɓi san. Ba sai ka tambaye shi ko yana duka ba, ka tsaya ka kalli shanun idan ya shigo. Idan suna matsowa suna miƙa masa hanci to alhamdulillahi, idan suna komawa ƙarshen igiya ko suna kautar da fuska da ya ɗaga hannu to kaga amsa. Dukan dabba a fuska ma Annabi (SAW) ya hana, ka gaya masa wannan tun ranar farko.

To idan turkar wata uku zuwa huɗu zaka yi a gida kuma baka taɓa yi ba, Bokolo, da ƙaramin lungu na sa ɗaya a jikin katanga ko da turaku shida ne. Idan huɗa da amalanke ne kuma kana da wanda ya iya horo, Bunaji matasa guda biyu masu kai ɗaya, idan kai da ƴaƴanka ne zaku yi to Bokolo dai. Idan tatsa ce, ka sayi saniyar da aka tatsa a gabanka ka gani da idonka ko wace iri ce. Idan kuɗinka na shanu biyar ne cif, ni dai shawarata ka sayi huɗu ka gina lungu da na biyar ɗin.

Hali kuma ana gadonsa, don haka saniyar da take bin mutane ko bayan ɗanta ya girma kada ka ajiye karsanarta don ta zama uwar garke, bijimin barbara ma ka duba halinsa kafin girmansa tunda shi kaɗai zai ba duk maruƙan shekarar rabin jininsu. San da ya taɓa bin mutum da tunkuyi da gangan kuwa hanyarsa mahauta, kuma ka gaya wa dillali gaskiya a kara don kada wani manomi ya saye shi ya kai gida ya ɗaure kusa da yaransa.